Tarihin Ilimin Kurame Da Abin Da Ya Rage A Makarantunmu Na Sakandare

 A wannan fitowa ina so in ja hankalin mai karatu zuwa ga tarihin wasu ɗalibai da ba kasafai ake tunawa da su ba in ana zancen sakandare, wato masu buƙata ta musamman, kuma zan fi ba da ƙarfi a kan kurame. Dalili kuwa shi ne, makaho ana ganinsa da sandarsa, gurgu ana ganinsa da kekensa, amma kurma sai ya shekara cur a aji cikin kayan makaranta kamar kowa, ba wanda ya lura cewa darasi na wucewa ta kansa. Wanda duk ya bi tarihin nan zai tarar cewa a duk lokacin da aka koyar da kurma da harshen da idonsa ke iya kamawa ya yi karatu, a duk lokacin da aka hana shi wannan harshe kuwa sai ya koma baya, sa'an nan a ɗora laifin a kan ƙwaƙwalwarsa.

Kafin zuwan makarantu

Tun kafin boko ya iso ƙasar Hausa, kurame suna da harshensu, wanda ake kira maganar hannu ko maganar bebaye. Ba wani malami da ya zauna ya ƙirƙiro ta, kurame ne suka gada daga kurame, a kasuwa da dandali da wuraren sana'a. A birni irin Kano, kamar yadda ake da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, haka ake da Sarkin Bebaye mai kula da al'amuran jama'arsa. Masu ji da yawa, musamman 'yan kasuwa da maƙwabta, sun iya abin da za su yi ciniki ko su gaisa da shi. Wata masaniyar harsuna 'yar ƙasar Jamus, Constanze Schmaling, ta yi bincike a tsakanin kuramen Kano cikin shekarun 1990, kuma a 2000 ta fitar da littafi a kan maganar hannu, inda ta nuna cewa tana da tsari da ƙa'idoji nata na kanta, kamar kowane harshe.

Ya kamata a nan mu bambance kalmomi biyu da muke cakuɗawa. Kurma shi ne wanda ba ya ji, bebe kuwa shi ne wanda ba ya magana. Akasarin waɗanda muke kira bebaye harshensu da maƙogwaronsu lafiya lau suke, magana ce ba su taɓa ji ba balle su kwaikwaya. Wanda kuwa ciwo ya kurumta bayan ya fara wayo, sau da yawa yana riƙe da maganarsa.

Rigimar da ta taso daga Turai

Ita makarantar kurame irin ta boko asalinta daga Turai ne, don haka sai mun leƙa can kafin mu fahimci abin da ya iso mana. Wajen 1760 wani limamin Kirista a birnin Paris na ƙasar Faransa, mai suna de l'Épée, ya buɗe makaranta kyauta domin kurame, inda ya koyi alamun da yaran ke yi a tsakaninsu ya kuma koyar da su da alamu. Daga wannan makaranta ne wani malami kurma, Laurent Clerc, ya bi Thomas Gallaudet zuwa Amurka, suka buɗe makarantar kurame a garin Hartford a 1817. A 1864 aka kafa kwalejin kurame a Washington, wadda a yau ake kira Jami'ar Gallaudet. A wancan zamani kurame da dama sun zama malamai da marubuta.

To, amma a 1880 sai malaman kurame na ƙasashe dabam-dabam suka yi babban taro a birnin Milan na Italiya, kuma kusan dukkan wakilan masu ji ne. Suka yanke shawara cewa a daina koyarwa da hannu, a tilasta wa kurma koyon furuci da karanta leɓen mai magana. Sakamakon haka malamai kurame da yawa suka rasa aikinsu, yara kuma aka riƙa horonsu in an kama su suna magana da hannu. Sai yaro ya ɓata shekaru yana koyon furta kalmomi ƙalilan, alhali tsararrakinsa sun yi nisa a lissafi da labarin ƙasa.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane matsalar karatun leɓe. Mai karatu ya tsaya gaban madubi ya ce bari, ɓari, mari, zai ga leɓensa motsi iri ɗaya suke yi. Ga kuma karin sauti da ke bambanta fari na launi da fari na rashin ruwan sama, wanda ido ba ya gani sam. Sai a 1960 ne wani malami a Gallaudet, William Stokoe, ya nuna a rubuce cewa maganar hannu ta Amurka cikakken harshe ce. Shi kuwa taron malaman kurame na duniya bai janye hukuncin Milan ba sai a 2010, a zamansa na birnin Vancouver a ƙasar Kanada, wato bayan shekara 130.

Yadda abin ya iso Nijeriya

A nan ƙasarmu, mishan ne suka fara buɗe makarantun masu buƙata ta musamman. Makarantar makafi ta Gindiri, a Jihar Filato ta yanzu, an buɗe ta a 1953. A ƙarshen shekarun 1950 kuma aka soma koyar da kurame a Ikko, inda makarantar Wesley ta samo asali, kuma tafarkin furuci da karatun leɓe aka fara bi.

Mutumin da ya sauya akalar al'amarin shi ne Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka da aka haifa a Jihar Alabama a 1925. Ciwon sanƙarau ne ya kurumta shi yana ɗan shekara 11, irin ciwon nan da muka sani sarai a lokacin zafi. A 1954 ya zama baƙar fata na farko da ya sami digiri a Gallaudet. Ya zo Afirka a 1957 ya buɗe makaranta a Akra, babban birnin Gana, sa'an nan a 1960 ya buɗe ta Badun, daga baya kuma aka sami na Inugu da Kaduna. Kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a ƙasar Ruwanda a 1987, ya kafa makarantu fiye da 30 a ƙasashe 13. Shi ɗan mishan ne, kuma yaɗa addininsa na cikin manufarsa, amma abin da ya bari a fagen ilimi shi ne koyarwa da hannu da kuma horar da kurame su zama malamai. Daga cikin kuramen Nijeriya da suka yi karatu mai zurfi a Amurka suka dawo akwai Dokta Peter Mba, wanda ya koyar a Jami'ar Badun, da Ezekiel Sambo, wanda ya jagoranci kafa makarantar kurame ta Jihar Filato.

Shekarar 1977 ba za a manta da ita ba a wannan tarihi. Shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 ya kwararo da yara makaranta, har da waɗanda a da ake ɓoyewa a gida. A 1977 gwamnatin tarayya ta fitar da Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda ta keɓe sashe guda domin ilimi na musamman, ta kuma nuna cewa sa irin waɗannan yara cikin makarantun kowa da kowa shi ne mafi dacewa. A shekarar ce aka buɗe kwalejin horar da malaman ilimi na musamman a garin Oyo, aka kuma buɗe makarantar Tudun Maliki a Kano. Sai dai maganar hannun da ta shigo makarantu ta Amurka ce, haɗe da tsarin jimlar Turanci. Ke nan yaron da ya taso da maganar hannu ta gida sai ya tarar da wani harshe dabam a aji, in ya koma gida hutu kuma iyayensa ba su san alamun makaranta ba.

Inda gizo ke saƙa

Mafi yawan ƙoƙarin farko a firamare ya tsaya, da koyar da sana'o'i irin su ɗinki da kafinta da gyaran takalmi. Sana'a abin alfahari ce, amma an daɗe ana ɗaukar cewa iyakar kurma ke nan. Da ya ƙetara zuwa sakandare sai wahala ta ninka, saboda dalilai da kowane tsohon ɗalibi zai gane in ya tuna ajinsa.

A firamare malami ɗaya ne ke riƙe da aji, har ya saba da yaro. A sakandare kuwa malamai takwas ko tara ne ke shiga suna fita, kowa da darasinsa. Malami yakan juya wa aji baya yana rubutu a allo yana bayani, wanda a wajen kurma daidai yake da shiru. Ana yin shifta, shi kuwa ba zai iya kallon bakin malami ko hannun tafinta yana kuma rubutu a lokaci guda ba. Darussa irin su kimiyya da tattalin arziki cike suke da kalmomin da sai an zauna an daidaita alamunsu. Darasin Turanci yana da sashe na sautuka da ba su taɓa shiga kunnensa ba, ga shi kuma da Turancin ne zai rubuta jarrabawar kusan kowane fanni. Bayan aji ma, ƙararrawar tashi da sanarwar taron safe da hirar ɗakin kwana duk da kunne ake kama su.

Akwai kuma waɗanda suka shiga makaranta da jinsu, ciwo ya raba su da shi. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, akasari a Arewa, ta kashe fiye da 11,000, kuma kurumta na cikin abubuwan da ciwon ke bari ga wasu da suka tashi. Ƙyanda da hangum da ciwon kunne mai zubar da ruwa da shawarar jarirai su ma suna taɓa ji. Irin wannan ɗalibi bai iya maganar hannu ba, kunya kuma ta hana shi faɗa, sai a wayi gari ana kiransa daƙiƙi ko mai taurin kai. Wani kuma bayan kurumtar yana fama da raunin gani ko jinkirin fahimta, amma kurumtar ta rufe idon malamai daga ganin ta biyun.

Dokoki da alkawura

A 1994 wakilan gwamnatoci 92 suka haɗu a Salamanca ta ƙasar Sifen, ƙarƙashin hukumar UNESCO, suka amince cewa makarantun kowa da kowa su karɓi dukkan yara. Amma a cikin takardar da suka fitar sun yi togaciya game da kurame, cewa saboda buƙatarsu ta harshe wataƙila makarantu ko azuzuwa na musamman su fi dacewa da su. Wannan togaciya tana da muhimmanci, domin ajiye kurma ɗaya tal a tsakiyar masu ji sittin ba tare da tafinta ba keɓewa ce mafi tsanani.

A 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar haƙƙin nakasassu, Nijeriya ta tabbatar da ita a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda ta ba su ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta wajabta wa kowace makarantar gwamnati samun aƙalla ma'aikaci ɗaya mai horo a wannan fanni, ta kuma ce a sa maganar hannu da rubutun makafi cikin manhaja. A 2020 aka kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa. Mu da ke aikin gwamnati mun san cewa doka ba ta shiga aji da ƙafarta, sai an sa ta a kasafin kuɗi, an ɗauki malami, an tura shi inda ake buƙatarsa, an kuma biya shi.

Kammalawa

Abin da ɗalibi kurma ke buƙata a sakandare ba ɓoyayye ba ne. Yana buƙatar malami ko tafinta mai maganar hannu, da mazauni a gaban aji inda haske ke faɗa wa fuskar malami, da darasi a rubuce kafin a shiga aji, da abokin zama mai taya shi kwafar bayani, da ƙarin lokaci a jarrabawa. Mai sauran ji kuma yana buƙatar na'urar ƙara ji da batirinta. Yana da kyau a riƙa gwada jin kowane yaro tun shigarsa aji ɗaya, da kuma duk wanda ya dawo daga jinyar zazzaɓi mai tsanani. Sama da duka, yana buƙatar ya ga babba kurma irinsa a matsayin malami, kamar yadda ɗaliban Clerc da na Foster suka gani.

'Yan uwa tsofaffin ɗalibai, mun saba gina azuzuwa da gyara rijiya da sayen kujeru, kuma duk aikin alheri ne. Shawarata ita ce, a taronmu na gaba mu tambayi hukumar makaranta ɗalibai nawa ne ke fama da matsalar ji ko gani ko tafiya, sa'an nan mu duba yiwuwar ɗaukar nauyin malami ɗaya ya je ya sami horo, ko mu gayyato wani kurma mai ilimi ya riƙa koya wa malamai da ɗalibai maganar hannu sau ɗaya a mako. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma mu muna da yawa. Allah Ya ba mu ikon yi, Ya kuma yi wa ƙannenmu jagora, amin.