Kanumfari a Kurmi: Tarihin Wani Ƙamshi

Idan muka ratsa layin masu kayan yaji a Kasuwar Kurmi, hanci kan riga ido isa. Kasuwar ta kafu a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), kuma kayan ƙamshi sun daɗe cikin hajarta. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya lissafa kanumfari da jawul cikin kayan da ayari ke ratso Sahara da su.

Sunan kansa baƙo ne, daga “ƙaranful” na Larabci. Asalin bishiyar tsibiran Maluku ne a Indunusiya, kafin Zanzibar ta cika da gonakinta a ƙarni na 19. Citta da kimba da masoro suka tarar da shi a yajin mai jego, da kunu, da labun da ake tsoma kilishi.

Me ya sa mahauta suka riƙe shi? Maiƙon nama yana lalacewa idan iska ta daɗe tana taɓa shi, sai ya sauya ɗanɗano ya fara wari. Man da ke cikin kanumfari, wanda fiye da kashi 70 cikin 100 nasa sinadarin yujinol ne, yana rage saurin wannan lalacewa, yana kuma hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Rana da gishiri su busar, yaji ya yi gadi.

Turawa ma suna da nasu: rosmari, ɗan tsiron gaɓar Bahar Rum. Mansa na ɗauke da siniyol da kafur, wannan dai da muka sani, amma ƙarfinsa na kare maiƙo ya fi yawa a sinadarin kanosik da ke cikin ganyen. A 2010 Tarayyar Turai ta amince da abin da ake tatsa daga ganyen a matsayin mai adana abinci, da lamba E392. Ilmin ɗakin girki ya zama hajar masana'antu.

Namu kuwa har yau a bakin tsofaffin mahauta yake, ana awonsa da tafin hannu. Kilishinmu na shiga leda yana tafiya Legas da Jidda. In ba mu auna labun nan mun rubuta ba, wata rana za mu sayo a kwalba abin da kakanninmu ke dakawa a turmi.