Gudun hijirar matan Shiroro

Gudun hijirar matan Shiroro na nufin ƙaurar dole da mata da ƙananan yara suka yi daga ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Shiroro da maƙwabtanta, Munya da Rafi, a Jihar Neja, sakamakon hare-haren 'yan bindiga da mayaƙan Boko Haram. Da yawa sun fake a makarantun firamare na Kuta da Gwada, wasu kuma sun gangaro Minna.

Lamarin ya fito fili a watan Afrilun 2021, lokacin da gwamnan jihar na wancan lokaci, Abubakar Sani Bello, ya ziyarci masu gudun hijira a makarantar firamare ta IBB da ke Minna. A can ya bayyana cewa Boko Haram ta kafa tuta a ƙauyen Kaure, ta kuma ƙwace matan mutane da ƙarfin tsiya. Yankin Shiroro gidan doya ne, kuma yana cikin masu ciyar da kasuwannin Minna irin su Kasuwar Kure, don haka barin gonakin ya taɓa har mazauna birni.

Karatun 'ya'ya mata ma ya sha wahala, domin ajin da ya zama ɗakin kwana ba ya ɗaukar darasi. Ana iya kwatanta wannan da Afganistan, inda Taliban ta karɓe Kabul a Agustan 2021, ta hana 'yan mata sakandare, sannan jami'a a Disambar 2022. Kwatancen bai cika daidai ba: can gwamnati ce ta haramta karatun, a Neja kuwa doka ta ba su haƙƙin, tsaro ne ya gagara.