Bindigar Toka a Fadamar Haɗeja

Duk wanda ya tashi a ƙasar Haɗeja ya san ƙarar bindigar toka da asubahi, lokacin da ruwa ya malale fadama, dinya da kirinjijiya suka sauka kiwo. Asalinta daga Turai take, ta bakin teku ta shigo mana. Yarjejeniyar da Turawa suka ƙulla a ƙasar Beljiyam cikin 1890 ta hana a sayar wa baƙar fata bindigogin zamani, sai irin wannan. Maƙeranmu kuwa suka ƙware wajen ƙera ta.

Ta baki ake ɗura ta. Maharbi zai auna albarushi ya zuba, ya cusa tsumma ya danna da sanda, sannan ya zuba gutsattsarin ƙarfe ya toshe. In ya cika hannu ta fashe masa, in albarushin ya sha raɓa ta ƙi tashi. Harbi ɗaya gare shi. Kafin ya sake ɗuri tsuntsaye sun yi gaba. Maharban Ingila da Amurka kuwa ƙattin bindigogi suke girkawa a kan kwalekwale, harbi ɗaya ya zubar da agwagi hamsin, har Amurka ta haramta su cikin 1918.

A nan gida, abin da ya fi toka yi wa tsuntsaye illa shi ne ƙarancin malale, tun da aka gina madatsar Tiga cikin 1974 da ta Challawa cikin 1992. Tsofaffin maharba suna ƙarewa. Ya kamata marubutanmu su je su zauna da su tun suna raye.