Yaƙin Ciko: Lokacin da Likitocin Haƙori Suka Rabu Biyu Kan Zinari da Azurfa

1/ A 1845 wata ƙungiyar likitocin haƙori a Amurka ta tilasta wa 'ya'yanta sa hannu a takardar alƙawari: ba za su ƙara cike haƙorin kowa da cikon nan mai launin azurfa ba. Wanda ya ƙi, a kore shi. Bayan shekara 11 ƙungiyar ce ta mutu, cikon kuwa har yau yana bakin jama'a. Ku gyara zama, zaren yau na haƙori ne 🧵

2/ Bari mu ɗan koma baya tukuna. A Mehrgarh, cikin Pakistan ta yau, an tono matauna 11 na mutum 9 waɗanda aka huda da tsinin dutse tun masu su suna raye, shekara 7,500 zuwa 9,000 da suka wuce. A Siloveniya kuma an samu muƙamuƙin wani mutum mai shekara 6,500, fiƙarsa ta tsage, an toshe ta da kakin zuma.

3/ Duk wannan aiki ana yinsa ne ba tare da an san me ke cin haƙorin ba. Amsar da duniya ta riƙe shekaru dubbai ita ce tsutsa. Mutanen Babila sun rubuta ta a allon yumɓu. A kasuwannin Turai masu magani kan turara wa mutum 'ya'yan wani tsiro a baki, 'ya'yan su fashe su faɗa ruwa farare sirara, a ce masa ga tsutsarka nan ta fito, kawo kuɗi. Mu ma ai har gobe "tsutsa ta ci masa haƙori" muke cewa.

4/ Babban likitan nan Abubakar al-Razi, wanda ya yi aiki a Bagadaza, ya ba da shawarar a toshe kogon da haɗin ƙaro da alif. A ƙasar Sin kuwa, wani littafin magunguna na daular Tang da aka kammala a 659 ya ambaci wani "kwaɓin azurfa" na gyaran haƙori. Ku riƙe wannan kwaɓin, shi ne jarumin labarinmu.

5/ A 1728 Bafaranshe Pierre Fauchard ya fitar da littafinsa kan aikin haƙori. Ya ce shi dai ya duba bai ga tsutsa ba, ya kuma zargi sukari. Yana cike kogo da darma, ko kuza, ko zinari. 'Yan'uwa na Nijar da suka san Faransanci, kalmar plombage da kuke ji a asibiti daga plomb ta fito, wato darma. An daɗe da daina zuba darmar, sunan ne ya ƙi tafiya.

6/ To, zuwa farkon ƙarni na 19 zinari ne sarkin ciko. Amma fa kada ku kawo haƙorin Makka a ranku, wancan ado ne. Wannan zinari ne da aka buga ya zama falle siriri, likita ya riƙa cusa shi cikin kogon kaɗan-kaɗan yana dannawa, daga baya ma har da 'yar guduma. Ana iya kwashe awanni a kan haƙori ɗaya, kuma babu allurar kashe zafi. Novocaine sai 1905 ta zo.

7/ Aikin yana da kyau, yana daɗewa, sai dai kuɗinsa na masu hali ne. Talaka magani ɗaya gare shi: a danne shi a fizge haƙorin.

8/ Ana nan sai wasu 'yan'uwa masu suna Crawcour suka sauka New York daga Turai a 1833. Sun zo da kwaɓi da suka laƙaba wa suna mai ƙasaita, Royal Mineral Succedaneum, suka cika jaridu da talla: ciko cikin 'yan mintuna, ba zafi, ba tsada. Sirrin? A goge sulallan azurfa su zama gari, a kwaɓa da zaiba, ƙarfen nan mai gudu kamar ruwa. Yana da laushi a cusa, can ya daskare. Shi ne amalgam.

9/ Mutane suka yi dafifi. Matsalar ita ce 'yan'uwan nan 'yan kasuwa ne kawai. Ba sa tsayawa su kwashe ruɓar da kyau, sai su danna kwaɓin a kanta. Haɗin nasu kuma yana kumbura bayan ya daskare, har ya kan tsaga haƙorin da aka zo ceto. Ba su daɗe ba suka tattara suka bar gari, suka bar likitocin Amurka da baƙin jinin abin.

10/ A 1840 aka kafa ƙungiyar likitocin haƙori ta ƙasa ta farko a Amurka, American Society of Dental Surgeons. Manyanta masu aikin zinari ne. Suka ce amalgam guba ne, amfani da shi cin amanar sana'a ne. Daga nan takardar alƙawarin 1845 ta fito, aka kuma dakatar da wasu, aka kori wasu.

11/ Ni a nawa karatun, manyan nan suna da gaskiya rabi. Zaiba guba ce, wannan ba gardama, kuma haɗin lokacin bai da kan gado. Amma ba za ka raba hukuncinsu da aljihunsu ba. Mutumin da ya shekara goma yana koyon danna zinari, ga wani ya zo zai yi a minti ashirin da kuɗi kaɗan, ai dole ransa ya sosu.

12/ Ƙananan likitoci kuwa su ke ganin manomi da lebura a gabansu kullum. Ko su sa masa amalgam ko su cire haƙorin, zinari ba ya cikin lissafi. Da yawa suka ci gaba da sawa, wasu suka fice daga ƙungiyar. A 1850 aka janye alƙawarin, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A 1856 ƙungiyar ta watse. Wadda aka kafa a 1859, American Dental Association, ba ta hana amalgam ba.

13/ Abin da ya kashe gardamar a ƙarshe awo ne. A 1890 Willoughby Miller, Ba'amurke mai aiki a Berlin, ya nuna cewa ƙwayoyin cutar baki ke cin sukari da sitaci su fitar da asid, asid ɗin ya narkar da haƙori. An binne tsutsa ke nan a ilimance.

14/ Sai G.V. Black na jihar Illinois. Wannan bawan Allah ya ƙera na'urorin awo da kansa, ya yi ta gwada haɗi iri-iri. Ya gano azurfa tana sa kwaɓin kumbura, kuza tana sa shi tsukewa, in aka daidaita su sai ya zauna daram. Ya wallafa sakamakon a 1895. Shi ne kuma ya kasa kogon haƙori gida 5, rabon da ɗaliban haƙori ke haddacewa har yau.

15/ Ga inda mutane da yawa ba su sani ba. Amalgam ba ya manne wa haƙori. Zama kawai yake yi a ciki. Don kada ya faɗo, dole likita ya sassaƙa ramin kamar tulu, cikinsa ya fi bakinsa faɗi. Black ya ƙara da koyar da a faɗaɗa ramin har zuwa inda buroshi ke kaiwa, don kada ruɓa ta dawo. Ma'ana, ana yanke lafiyayyen haƙori don a ba ciko wurin zama. Haka aka yi ta yi fiye da rabin ƙarni.

16/ Injin hudar ma ya bi sahu. Na James Morrison na 1871 da ƙafa ake taka shi kamar keken ɗinki. Mai kukan nan "wiiii" da ke tsinka muku zuciya a ɗakin jira, wanda iska ke juyawa, na John Borden ne, 1957.

17/ A 1955 Michael Buonocore a Rochester ya ari dabara daga masu fenti. Sukan shafa wa ƙarfe asid kafin fenti don ya kama. Ya gwada a bayan haƙori, sai ga roba ta manne. A 1962 Rafael Bowen ya samar da sinadarin da ya zama tushen farin cikon da kuke gani yanzu, wanda ake haska wa shuɗiyar fitila ya daskare. Tunda yana mannewa, ba sai an fafe tulu ba. A kwashe ruɓa kawai a cike.

18/ Farin cikon yana da nasa sharuɗɗan fa. Yana son wuri busasshe, yawu ya taɓa aiki ya lalace. Yana son fitila, fitila tana son wuta. Ya fi cin lokaci, ya fi tsada, kuma a matauna amalgam ya kan fi shi daɗewa.

19/ Yanzu kuma amalgam ya sake shiga uku, wannan karon ta ƙofar muhalli. Kusan rabin nauyinsa zaiba ce, kuma tana bin ruwan asibitoci ta shiga koguna. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, mai sunan garin Japan da zaibar masana'anta ta nakasa mutanensa ta hanyar kifi, ta ce a rage shi. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi daga 1 ga Janairu 2025, sai in likita ya ga larura.

20/ Wanda ke da tsohon amalgam lafiyayye kada ya ruga a cire masa don tsoro. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ma ba ta ba da wannan shawarar ba, don cirewar tana cin lafiyayyen haƙori, tana kuma tayar da tururin zaibar.

21/ Abin da ke damuna shi ne tambayar 1845 ta dawo: in cikon mai araha ya tafi, me za a sa wa wanda ba shi da kuɗin mai tsada, a asibitin da ba wuta? Amsa mafi kusa daga Tanzaniya ta fito. A tsakiyar shekarun 1980 wani likita ɗan Holan, Jo Frencken, yana aiki inda ba lantarki, ya fara kwashe ruɓa da ƙananan kayan hannu, ba inji.

22/ Daga baya aka haɗa dabarar da wani siminti na garin gilas wanda Wilson da Kent suka fito da shi a Landan a 1972. Yana manne wa haƙori da kansa, ba ya buƙatar fitila, yana kuma sakin fuloraid a hankali. Ana iya yinsa yaro na kwance a kan tebur ɗin aji. Ya fi dacewa da ƙaramin kogo da aka kama da wuri, ba wanda ya kai jijiya yana hana barci ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa simintin a jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada.