Ɗan fayil ɗin da ke riƙe da sunan manhaja da Hausa

1/ Jama'a, zaren yau na tarihi ne. A kwamfutar Linux, kafin ka buɗe manhaja, sunanta da ɗan bayaninta kake fara gani. Ba cikin manhajar suke ba, wani ɗan fayil ne daban ke ɗauke da su. Labarin Hausa a cikin wannan fayil zan ba ku.

2/ Fayil ɗin ana ce masa .desktop. A ciki akwai layin suna da Turanci, sai kowane harshe ya bi da nasa layin. Namu Name[ha] ne. In babu shi, kwamfuta ba ta tambayar kowa, Turanci kawai za ta nuna.

3/ Tun 1995 manhajojin GNU ke amfani da tsarin gettext. Ana tsamo jimlolin Turanci a zuba su a fayil guda, mai fassara ya rubuta nasa a ƙarƙashin kowace, shi ne fayil ɗin ha.po. Amma da farko gettext bai san .desktop ba. Sai an bi ta wani kayan aiki, intltool, ya ɗauko sunayen ya kai wa mai fassara, ya dawo da su. Sai 2014 gettext ya iya wannan da kansa.

4/ Wajen 2006 kamfanin Leapsoft na Najeriya ya fitar da Wazobia Linux, da Hausa da Yarbanci da Ibo. Daga baya wasu fassarorin suka shiga ma'ajiyar GNOME. Aiki ne babba, wallahi. Lokacin ko wayar Android ba a fara sayarwa ba.

5/ To ga inda gizo ke saƙar. Duk ranar da mai manhaja ya sauya jimlar Turanci, ko da kalma ɗaya ce, sai tsarin ya sa wa tsohuwar fassarar alamar fuzzy, wato a sake dubawa. Mai wannan alama ba ta fitowa a allo. Ba wanda ya goge Hausar, tana nan a fayil. Rashin mai zuwa ya cire alamar ne ke mayar da allon Turanci, layi bayan layi, shekara bayan shekara. Kamar gonar da aka yi wa noman fari aka bar ta ba maimai.

6/ Ni dai a ganina nan muka bambanta da mutanen da. Hukumar Fassara da ta zauna a Zariya a shekarun 1930, har aka kai ga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ma'aikata gare ta, kullum suna kan tebur. Kuma littafi in an buga shi ya zauna. Manhaja ba ta zama.

7/ Manyan kamfanoni sun zo daga baya: Google Translate ya sa Hausa a 2013, Facebook a 2016. Wannan na masu kuɗi ne.

8/ Yanzu ku dubi namu yankin. Yaron da ke tura wa mutane manhajoji a kasuwar Kwanar Dangora ta Kiru, ko mai cajin waya a Tudun Wada, shi ke karanta wa manomi bayanin manhaja, ya ce wannan ta kaza ce. Mai noman rani a Tiga ta Bebeji ko mai masara a Doguwa da ya iya karatun boko da Hausa bai kamata ya nemi tafinta kan layi ɗaya ba.

9/ Layi ɗaya fa. A F-Droid, shagon manhajojin Android na kyauta, gajeren bayani harafi 80 ne iyakarsa. Gwada cusa ma'ana cikin 80 da Hausa, ga ɗ da ƙ da ɓ da allon rubutun wasu wayoyin ke ɓoyewa. A nan za ka gane wa ya iya Hausa.

10/ Yau ba sai ka taɓa fayil ba. Weblate, wanda Michal Čihař ya fara a 2012, da translatewiki inda ake fassara allon Wikipedia, duk daga waya ake yi. Da yawa a Weblate an ware suna da bayani a sashe na daban. Ni shi nake fara buɗewa, sannan in bi masu alamar a sake dubawa.