Musun Agu da Rufai: Tarihin Wata Gardama a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Da edita ya nemi in rubuta wani abu na tarihi, sai na tuno gardamar da ta raba ajinmu biyu a 1994, wato wa ya kamata ya tsare wa Super Eagles raga, Alloy Agu ko Peter Rufai?

Ga asalin maganar. Agu ne ya tsare gida a gasar cin kofin Afirka ta Aljeriya a 1990, inda mai masaukin baƙi ta zura mana 5-1 a wasan farko, amma muka farfaɗo har muka kai wasan ƙarshe. Shi ne kuma a Senegal a 1992, muka zo na uku. To, da aka je Tunisiya a 1994 sai koci Clemens Westerhof ya miƙa wa Rufai ragar, Agu ya koma benci.

Mu 'yan Gyaɗi-Gyaɗi, da ke taruwa a teburin wani mai shayi kusa da Titin Kotu, muka ce butulci ne, wanda ya sha ranar noma shi ya kamata ya ci girbi. 'Yan Tarauni kuwa, ƙarƙashin abokina da muke zama benci ɗaya, suka ce ƙwallo ba gado ba ce, wanda ya fi iyawa shi ke shiga. Kullum sai sun tuna mana fenaritin da Rufai ya ci Habasha a 1993, wai golan da ke cin ƙwallo ai ya wuce sa'a.

Ranar 10 ga Afrilu 1994 Nijeriya ta doke Zambiya 2-1 ta ɗauki kofi. Kowa na murna, ni kuwa kunya ta hana ni bi ta kasuwar Tarauni. Da Italiya ta fitar da mu daga gasar duniya a Amurka ranar 5 ga Yuli, bayan Roberto Baggio ya farke ana saura minti biyu a tashi, sai na taka takanas har ƙofar gidan abokin nan na yi masa dariya. Ƙasata aka fitar, amma ni murna nake yi don na ci musu! Daga ranar muka daina gaisawa, har muka bar makaranta. Malaminmu na tarihi ya kira mu ya yi mana faɗa, ya ce su Agu da Rufai otal ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke ci, mu kuma da ba su san da zamanmu ba muna gaba a kansu. Ba mu ji ba.

Sai 1998, da Ike Shorunmu ya ji rauni dab da gasar Faransa, aka kirawo Rufai cikin gaggawa. Muka ci Sifen 3-2, amma Denmark ta lallasa mu 4-1, gari ya ɗauka wai tsufa ya kama shi. Abin mamaki, ni ne na tsinci kaina ina kare shi a majalisa, ina cewa wanda aka kira ya amsa kiran ƙasarsa bai cancanci zagi ba. Labari ya kai wa abokina, washegari sai ga shi a Gyaɗi-Gyaɗi yana sallama. Shekara huɗu muka yi asara a banza.

Rufai ya rasu ranar 3 ga Yuli 2025, kuma abokin nan ne ya fara bugo mini waya. Mun daɗe shiru a kan layi.

Don haka ina roƙon duk wanda ke da irin wannan tsohuwar gaba da ɗan ajinsa, ko ta ƙwallo ko ta siyasa, ya nemi ɗan'uwansa kafin taronmu na gaba. Allah ya jiƙan malamanmu da abokanmu da suka riga mu, ya bar zumunci, amin.