Tsallaka titi: mai mota ko mai tafiya a ƙasa, wa ya kamata ya jira wani?

A Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, sabbin tituna na zuwa da fararen layuka da ake shatawa a kan gudron, waɗanda ake kira "passage piéton" da Faransanci. Sai dai ba kowane direba ke tsayawa a gabansu ba, haka ma ba kowane mai tafiya a ƙasa ke bi ta kansu ba. Ga bayani kan asalin layukan da abin da ƙa'idojin hanya suka ɗora wa kowane ɓangare.

Mene ne waɗannan layuka?

Wuri ne da aka keɓe a kan titi domin mai tafiya a ƙasa ya ƙetara daga wannan gefe zuwa wancan. Iri biyu ne. Akwai wanda ke haɗe da fitilun ba da hannu, ko kuma ɗan sanda na tsaye yana ba da hannu; a nan fitila ko hannun ɗan sanda ke raba gardama. Akwai kuma wanda babu komai sai layukan da allon da ke nuna hoton mutum yana tafiya. A irin wannan na biyu aka fi samun saɓani, domin komai ya rataya ne kan sanin doka da halin direba.

Layukan da muka sani yau a Ingila suka samo asali. An ƙaddamar da na farko a garin Slough ranar 31 ga Oktoban 1951, Turawan ƙasar kuma suka laƙaba musu sunan jakin dawa saboda zanen fari da baƙi. A Faransa, a da manyan kawunan ƙusa na ƙarfe ake jerawa a titi don nuna wurin tsallakawa, shi ya sa har gobe wasu ke cewa "passage clouté".

Daga ina ƙa'idojin suka fito?

Tushen mafi yawansu shi ne yarjejeniyar Viyana kan zirga-zirgar hanya, wadda aka cimma ranar 8 ga Nuwamban 1968 ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Nijar na cikin ƙasashen da suka amince da ita. Sashe na 20 ya yi magana kan masu tafiya a ƙasa, na 21 kuma kan yadda direba zai yi mu'amala da su. A cikin gida, ƙasar ta sabunta dokarta ta hanya a 2014, akwai kuma hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ANISER da ke aikin faɗakarwa. Ƴan sanda ke sa ido a cikin birane, jandarmomi kuma a manyan hanyoyi.

Abin da ke kan direba

Kalmar direba a nan ta haɗa da mai mota, mai kamyo, ɗan kabu-kabu, mai adaidaita da mai keke. Ga manyan abubuwan da ake jira daga gare shi:

- Idan ya doshi layukan da babu fitila, ya rage gudu tun daga nesa yadda ba zai jefa wanda ke tsallakawa, ko wanda ke shirin tsallakawa, cikin haɗari ba. Idan ta kama ya tsaya, ya tsaya cak.
- Idan fitila ta yi ja, ya tsaya kafin layukan, ba a kansu ba. Ko ta koma kore, wanda ya riga ya shiga titi bisa ƙa'ida sai an bar shi ya ida tsallakawa.
- Idan zai karya kwana a mahaɗar hanya, ya yi a hankali, ya ba da hanya ga masu tsallaka titin da zai shiga.
- Kada ya wuce motar da ta tsaya ko ta rage gudu a gaban layukan, sai da tafiyar da zai iya tsayawa nan take. Motar da ta tsaya tana iya ɓoye yaro ko tsohuwa, wanda ya zo daga baya da gudu ba zai gan su ba sai ya riga ya kai kansu.
- Kada ya ajiye mota ko ya tsaya ɗaukar fasinja a kan layukan.
- Kada ya ratsa jerin ƴan makaranta da ke tafe da mai kula da su, ko wani ayari na mutane.

Oda ba ta ba direba izinin wucewa. An yi ta ne don gargaɗi idan haɗari ya taso, ba don korar mutane daga wurin da doka ta ba su ba.

Abin da ke kan mai tafiya a ƙasa

Fifikon da aka ba mai tafiya a ƙasa bai sauke masa nasa nauyin ba. Idan akwai layuka kusa, ta kansu ake so ya bi. Dokar Faransa ma ta ƙayyade nisan: matuƙar layukan ba su kai mita 50 daga inda mutum yake ba, dole ta nan zai tsallaka. Idan akwai fitila, ya jira tasa. Idan babu, kada ya sa ƙafa a titi sai ya auna nisan abin hawan da ke tafe da gudunsa.

Da yake a Nijar hannun dama ake tuƙi, motar da ta fi kusa da mai tsallakawa daga hagu take fitowa. Saboda haka a fara duba hagu, a duba dama, a sake duba hagu. A tsallaka kai tsaye ba a karkace ba, ba da gudu ba, kuma ba a tsayawa tsakiyar titi don gaisawa ko amsa salula. Wanda ya sauka daga mota ya jira ta tashi kafin ya ƙetara, domin jikinta na tare shi daga idon sauran direbobi. A hanyar da babu gefen masu tafiya, musamman wajen gari, a bi hannun hagu ana fuskantar motocin da ke tahowa.

Me ya sa nauyin ya fi yawa a kan direba?

Amsar tana cikin lissafi. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Direba na buƙatar kimanin daƙiƙa guda tsakanin ganin mutum da taka birki, ke nan mita 14 sun wuce kafin birki ya fara aiki. Idan aka haɗa da jan birkin, a busasshen gudron mai kyau motar na buƙatar kusan mita 28 kafin ta tsaya. A gudun kilomita 30, kimanin mita 13 sun isa. Ma'ana, a daidai inda mai gudun 30 ya riga ya tsaya, mai gudun 50 bai ma fara rage gudu ba. Idan gudu ya ninka sau 2, nisan jan birki ninkawa yake sau 4. Yashin da iska ke zubawa a kan titi, ruwan damina, tsofaffin tayoyi da lodi mai nauyi duk suna ƙara wannan nisa.

Ta ɓangaren mai tafiya, babban mutum mai lafiya na ɗaukar kusan daƙiƙa 6 kafin ya ƙetare titi mai faɗin mita 7. A cikin wannan lokaci motar da ke gudun 50 ta ci sama da mita 80. Motar da ake gani "tana can nesa" ta fi kusa da yadda ido ke nunawa, ballantana ga tsoho, mai ɗauke da kaya a ka ko mace mai goyo.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce haɗarin mutuwar wanda mota ta kaɗe na ninkawa sau 4 da rabi idan gudun ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65. Rahotonta na 2023 ya nuna mutane miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗurran hanya, sama da kashi ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙasa ne, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka kwatanta da yawan jama'a. Haɗarin hanya ne ya fi komai kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Wannan ne ya sa taron ministoci na Stockholm a 2020 ya yi kira da a taƙaita gudu zuwa kilomita 30 a wuraren da mutane da ababen hawa ke cakuɗuwa. Wasu ƙasashen sun tsaurara hukunci: a Faransa, ƙin ba mai tafiya a ƙasa hanya na jawo tarar yuro 135, tun 2018 kuma ana cire wa direba maki 6 daga cikin 12 na perminsa.

Inda babu layuka, ko sun goge

Zafin rana, yashi da tayoyi na saurin cinye fenti, unguwanni da dama kuma ba a taɓa shata musu layukan ba. Babbar hanya mai lamba 1, da ta tashi daga Yamai ta nufi Difa, tana ratsa tsakiyar garuruwa kamar Dogon Dutsi, Ƙonni, Galmi, Madawa, Gidan Rumji da Tasawa, inda kasuwa, tasha da makaranta ke bakin gudron. Rashin fenti bai sauke wa direba alhakin yin taka-tsantsan ba, domin yarjejeniyar Viyana ta buƙaci a ƙara kula da masu rauni a hanya: yara, tsofaffi da masu naƙasa.

Wuraren da ya kamata a ɗauka tamkar akwai layuka ko da babu su sun haɗa da ƙofar makaranta lokacin shiga da tashi, bakin kasuwanni irin su Katako da Wadata a Yamai ko kasuwar Dole a Damagaram, ƙofar gidan likita, da masallatai ranar Juma'a. Akwai kuma lokutan da ido ke raguwa ko gaggawa ke ƙaruwa: almuru, kwanakin hazo da ƙura, dab da shan ruwa a watan azumi, da lokacin rakiyar amarya, sa'ad da ayarin motoci da babura kan manta cewa titin na kowa ne.

A irin waɗannan wurare ma'aikatun magajin gari na da rawar takawa: sabunta fenti, kafa alluna, sa fitilu, gina tudun rage gudu da hana baza haja a gefen da aka ware wa masu tafiya. Idan tebura da babura suka cika gefen hanya, dole mutane su gangaro kan titi.

Ladabin da doka ba ta rubuta ba

Akwai ƙananan abubuwa da ke rage tsoro da rigima. Mai tafiya ya tsaya inda za a gan shi, ya ɗaga hannu, ya haɗa ido da direba, kada ya shiga sai ya ga motar ta tsaya da gaske. Idan an tsaya masa, ya ɗaga hannu alamar godiya. Direban da ya tsaya ya ba mutum lokacinsa, ba tare da matsowa ko ƙara wa inji wuta ba. Kafin ya yi wa wani alamar "wuce", ya duba madubi ko wani babur na kutsowa ta gefe, don kada alherinsa ya jefa mutum cikin haɗari.

Ƙaramin yaro bai iya auna gudun mota ba, kuma gajartarsa na ɓoye shi a bayan motocin da aka ajiye. A riƙe hannunsa, kada a aike shi ƙetaren gudron shi kaɗai. Makaho mai farar sanda a tsaya masa gaba ɗaya, wanda zai taimaka masa ya fara tambayarsa, "Baba, in raka ka?", kafin ya kama hannunsa. Da dare, tufafi masu haske ko fitilar salula na sa direba ya hango mutum da wuri.

Idan haɗari ya auku

Wanda haɗari ya rutsa da shi wajibi ne ya tsaya, ya nemi a taimaka wa wanda ya ji ciwo, a kuma sanar da hukuma. Ana kiran ƴan kwana-kwana a lamba 18, ƴan sanda a 17. A tare hanya daga nesa don kada wata motar ta afka wa jama'a. Kada a ja wanda aka kaɗe ko a naɗe shi a kan babur idan ana zaton ya bugu a wuya ko a baya, sai fa idan barinsa a wurin ya fi haɗari. Kada kuma a ɗauki doka a hannu: tsoron duka na daga cikin abin da ke sa wasu direbobi gudu, su bar mutum kwance a titi.

Tsayawa a gaban layuka ba ya cin direba fiye da ƴan daƙiƙoƙi, kuma da zarar ya ajiye mota ya nufi kasuwa ko masallaci, shi ma mai tafiya a ƙasa ne da ke jiran wani ya tsaya masa.